Na Riƙa Auna wa Mahaifiyata Abinci da Gwangwani

Edita, ina roƙon a ba ni fili in faɗi abin da ya faru a gidana, ba tare da an sa sunana ko na kowa ba. Shekara biyar da suka wuce ni nas ce a wani asibiti a Kafanchan, shekaruna talatin da takwas, ina da miji da 'ya ɗaya. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne a Kachia, sai ƙarshen mako yake dawowa, saboda haka gidan a hannuna yake. A wurin aiki an san ni da tsari. Ni ake turo wa masu ciwon suga in yi musu bayanin abin da za su ci da abin da za su bari, kuma ina son wannan aikin, don a ganina ba wanda ya kai ni sanin illar ci babu ƙa'ida. A cikinsa na girma.

Mahaifiyata Ibo ce, amma a Kafanchan aka haife ta, a kwatas ɗin reluwe inda babanta yake aiki. Mahaifina mutumin Fadan Kagoma ne, malamin firamare. Da yake shi ba ya jin yarenta, ita ma ba ta jin nasa, da Hausa muka tashi a gida. Game da ƙuruciyarta abin da na sani bai fi jimla biyu ba: lokacin yaƙin basasa sun gudu kudu, da aka gama suka dawo, ita da yayanta da iyayensu. Abin da na sani sosai shi ne abincinta. Sana'ar sayar da abinci take yi kusa da tasha, a gida kuma tukunya ba ta hutawa. A ƙarƙashin gadonta akwai buhun garin rogo, da na masara, da na acca, da gishirin da ko shekara goma muka yi ba za mu ga ƙarshensa ba. Idan buhu ya kai rabi sai ta kasa zama, har sai an cika shi. A gidanmu ba a barin loma a kwano. Za ta tsaya a kaina har in side, in na ce na ƙoshi ta ce in ƙara kaɗan tukuna. Takan kama damtsena ta matsa, ta ja ni cikin rana ta riƙa duba gashina kamar mai neman kwarkwata, alhali ba kwarkwata take nema ba. Mahaifina yakan yi dariya ya ce a bar ta, haka Allah ya yi ta.

Na tashi da ƙiba, yara suna tsokanata a makaranta, kuma na riƙe abin a zuciya har na girma. Da na yi aure na haifi 'yata, na ƙudura cewa gidana ba zai zama irin wancan ba. Ni nake zuba mata abinci, daidai abin da na ga ya dace da shekarunta, babu ƙari, babu ciye-ciye tsakanin safe da rana. Ta tashi siririya, mai shiru, ba ta taɓa yi mini musu a kan abinci ba. Na ɗauki wannan a matsayin nasara.

Bayan rasuwar mahaifina da shekara biyu, Mama ta yi wani miki a ƙafa da ya ƙi warkewa. Da muka gwada jininta muka tarar suga ya hau sosai. Na rufe mata shago, na dawo da ita gidana. Ranar da za ta tare, motar da na ɗauko rabinta buhuna ne. Na sa aka sauke su a ƙofar gida na rarraba wa maƙwabta, tana zaune a kan akwatinta tana kallo. Ta ce ko gishirin ne in bar mata, na ce tana da hawan jini, ba ta da abin yi da gishiri.

Na tsara mata abinci kamar yadda nake tsara wa marasa lafiya. Acca, wake, ganye, kifi kaɗan. Babu shinkafa, babu garin rogo, babu burodi. Allurar sauke suga safe da yamma. Don kada a samu kuskure, na ware wani gwangwanin madara na awo. Ranar da ta fara ganina ina cika shi da acca, ina share samansa da yatsa don ya yi daidai, ta miƙe ta fita daga kicin. Na ɗauka fushi ne na wanda aka hana abin da ya saba. Sai kuma na lura idan na tafi aiki tana shiga sito, don haka na saya masa kwaɗo, makullin na jefa shi a jakata. Bayan kwana biyu ta same ni ina shirin fita, ta ce tana roƙon in riƙa buɗe mata siton sau ɗaya a rana ta leƙa, ba za ta taɓa komai ba, gani kawai za ta yi. Na ce mata abin da ido ya gani rai zai so, ta yi haƙuri, don lafiyarta nake yi. Ta dube ni ta ce, “To, Sista.” Haka ake kirana a asibiti. Daga ranar ba ta sake kirana da sunan da ta raɗa mini ba.

Wajen wata biyu da zuwanta na fara jin wari a ɗakinta, ɓeraye kuma suka yi yawa. Wata Talata da ba ni da aiki na ɗaga katifarta. Na tarar da guntayen burodi, ƙuli-ƙuli, dafaffiyar masara da ta yi fumfuna, garin rogo a ƙulle cikin leda, da gishiri a cikin akwatin ashana. Maƙwabta take roƙa idan na fita. Raina ya ɓaci, kuma aka yi rashin sa'a a daidai lokacin matan zumunta na cocinmu suka shigo gaishe ta. Na kwaso kayan a faranti na ajiye a gabansu, na ce su ga abin da Mama take yi, ina wahala a kanta ita kuma tana neman kashe kanta. Wasu suka yi dariya, wasu suka yi mata faɗa cikin wasa. Wata tsohuwa daga cikinsu ta jawo ni gefe ta ce in mayar wa Mama kayanta inda na same su. Ban saurare ta ba. Na kai kayan bayan gida na zuba kananzir na ƙona. Mama ta ce, a gabansu, ba ta ci ko ɗaya ba, ajiya ce kawai. Ban yarda ba, duk da cewa shaidar tana hannuna: ba guntun da aka gatsa, duk a ajiye suka lalace.

Na bi maƙwabta gida-gida na ce kada wanda ya sake ba ta komai. Kullum da safe in yi mata allura, in zuba mata abincin rana a kula in tafi. In na dawo in tarar da kular a wanke. Suga ya fara sauka, ya yi ta sauka, har ina nuna wa abokan aiki takardar da nake rubuta awon ina cewa ga amfanin tsari. Ta rame. Wani lokaci in na dawo in tarar tana gumi, hannunta yana rawa, maganarta tana harɗewa. Na san waɗannan alamun, ni nake koya wa mutane su. Amma da yake na riga na yanke cewa matsalar Mama yawan ci ce, bai zo mini a rai cewa rashin ci zai iya zama matsalarta ba. Na ce tsufa ne. Ban rage allurar ba, ban kuma taɓa zama na ga ta ci abincin ranar da idona ba.

Wata Laraba wajen ƙarfe uku na rana maƙwabciyarmu ta kira ni a waya ta ce in zo. 'Yata, wadda a lokacin take da shekara goma sha uku, ta dawo daga makaranta ta tarar da kakarta a kwance a ƙasa a bakin ƙofar sito, jikinta sharkaf da gumi, ba ta amsawa. Yarinyar ta san abin da ya kamata a yi, don ta sha jin ina faɗa: a sa wa mutum sukari a baki. Sukarin yana cikin sito, makullin yana jakata a asibiti. Ta yi ta dukan kwaɗon da dutse bai buɗe ba, sannan ta ruga wajen maƙwabta. Kafin a samo sukari, a samo keke napep, a kawo ta asibiti, lokaci ya tafi, kuma ba wanda ya san awa nawa ta yi a kwance kafin yarinyar ta dawo.

A ɗakin da nake aiki aka kwantar da ita. Ni na canza mata kaya, kuma a bakin zanenta na tarar da ƙulli. Da na kwance, dunƙulen acca ne a cikin leda, abincin ranar. Na fito baranda na tarar da 'yata a zaune da rigar makaranta, na nuna mata, na tambaye ta ko ta san wani abu. Sai ta faɗa mini. Tun makon da aka sa kwaɗo, Kaka ba ta cin abincin rana sai loma biyu ko uku. Sauran takan ajiye mata, in ta dawo daga makaranta ta kira ta ɗaki ta tsaya a kanta har ta cinye, ta ce kada ta gaya mini. Bayan ranar da na ƙona kayan, ko loma biyun ma ta daina ci. Na tambaye ta don me ta karɓa, ta san abincin mara lafiya ne. Ta ce, “Momi, yunwa nake ji.” Na ce tun yaushe. Ta ce kullum.

Kwana uku Mama ta yi ba ta farfaɗo ba. Da ta buɗe ido, likita ya ce ƙwaƙwalwa ta taɓu saboda daɗewar da ta yi suga yana ƙasa. Ta gane fuskokinmu, amma Hausar da ta yi shekara sittin tana yi ta kusa ɓacewa gaba ɗaya. Sai Ibo take yi, wanda ni ban iya ba in ban da gaisuwa da sunayen abinci. Kuma duk lokacin da 'yata ta shigo, sai ta miƙa mata hannu tana kiranta da wani suna da ban taɓa ji ba.

Yayanta, kawuna, yana zaune a Kujama wajen ɗansa. Ya zo a rana ta biyar. Yana tsaye a bakin gado 'yata ta shigo da ruwa, Mama ta kira sunan. Ya juya ya fita. Na same shi a gindin mangwaro a harabar asibiti, na tambaye shi sunan waye. Ya ce ashe ba ta taɓa gaya mini ba. Su uku ne, ba biyu ba. Suna da ƙanwa, shekarunta huɗu lokacin da suka gudu. A ƙauyen da suka fake babansu ya ɓace musu wata da watanni, abinci ya ƙare, gishiri ya zama abin da ake ba da labarinsa, suka ci ganyen rogo da ƙadangaru da duk abin da ya motsa. Ɗan abin da kakata take samowa a cikin akwatin ƙarfe na reluwe take kulle shi, makullin a ɗaure a ƙugunta, kuma da gwangwanin madara take auna wa kowa. Da ƙaramar ta kumbura, gashinta ya koma ja, kakata ta ga ba za ta tashi ba, sai ta rage mata awo don ta ceci manyan biyun. Mama tana da shekara tara. Ta riƙa ɓoye nata rabon a bakin zane tana ba yarinyar a bayan ɗaki. An kama ta, an doke ta, ba ta daina ba. Yarinyar ta mutu da abinci a hannunta, ta kasa haɗiyewa. Da suka dawo Kafanchan kakata ta hana a sake ambaton sunanta, kuma ba a sake ba.

Ya ba ni labarin ne da murya ɗaya, kamar mai karanta sanarwa a coci. Ya ce shi ma har yau a tsaye yake cin abinci, da sauri, jikokinsa suna yi masa dariya. Bai zarge ni ba. Na gaya masa batun kwaɗo da kaina. Ya tambaye ni abu ɗaya, wai da me nake auna mata. Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai ya ce bari ya koma ciki.

Mama ta ƙara shekara ɗaya da wata huɗu a duniya. Na cire kwaɗon tun ranar da aka sallame ta, na bar ƙofar sito a buɗe, na sayo buhun gishiri na ajiye a ƙarƙashin gadonta. Ba ta taɓa leƙa ko ɗaya ba. Ba ta cin abinci sai 'yata ta zauna a gabanta ta fara ci, sannan ta karɓi nata. Ni in na kawo mata takan karɓa da hannu biyu ta sunkuyar da kai, kamar yadda ake yi wa baƙo. Ta rasu da damina. A wajen jana'iza fasto ya yaba mini a matsayin 'yar da ta riƙe uwarta har ƙarshe, mutane suka ce amin. Maigidana ya san abin da ya faru, kawuna ya sani, 'yata ta sani. Ba wanda ya ce komai.

Abin da ya rage mini yanzu 'yata ce. Ta ɗauka ita ce ta cinye abincin da zai raya kakarta. Na zaunar da ita fiye da sau ɗaya na gaya mata laifin nawa ne, ni na kulle, ni na yi allura ban duba ba, ita yarinya ce da aka ba ta abinci ta ci. Takan ce ta ji. Da ta koma makarantar kwana, mai kula da ɗakinsu ta kira ni ta ce sun tarar da burodi da biskit da garin rogo jibge a lokarta, wasu sun lalace, kuma ba ta cin rabin abin da ake ba ta a ɗakin cin abinci. Ta tambaye ni ko akwai matsalar abinci a gida. Na ce babu. Hutun da ya wuce na dafa shinkafa da miya, na ajiye tukunyar a tebur da cokali a ciki na ce ta zuba da kanta. Ta riƙe cokalin tana kallona, ta tambaye ni guda nawa za ta zuba. Shekarunta goma sha takwas. Na ce har ta ƙoshi. Ta zuba biyu ta zauna. Mun fara zuwa wajen wata mai ba da shawara a kan irin wannan, ni da ita, kuma an ce mana abu ne mai ɗaukar lokaci.

Yunwar da ta kashe ƙanwar mahaifiyata ta wuce fiye da shekara hamsin, a wani gari da ban taɓa zuwa ba. Ni ban taɓa kwana da yunwa ba. 'Yata ba ta taɓa ganin sito babu abinci ba. Duk da haka yunwar ce ta tsara yadda aka ciyar da ni, ita ce ta sa na ciyar da 'yata yadda na yi, don ina gudun halin uwata ban san daga ina ya fito ba. Kakata ta yi awo ne saboda babu. Ni na yi nawa buhuna suna jibge, kuma ina ganin ilimi ne.

Ba ina cewa a ƙi bin maganar likita ba. Abincin da na tsara wa Mama daidai ne, kuma da za a kawo mini mai irin ciwonta gobe, shi zan sake rubuta masa. Amma ina jan hankalin masu jinyar iyayensu, musamman mu ma'aikatan lafiya da muke ganin mun sani. Kada ku yi wa mai suga allura ku tafi ba ku ga ya ci ba. Kada ku kulle abinci a gidan da mara lafiya yake. Kada ku tona asirin tsoho a gaban sa'o'insa, ko da kuna ganin gyara kuke yi. Ku riƙa tambayar yaranku ko sun ƙoshi, kuma ku ba su damar cewa a'a. Sannan idan kun ga tsoho da wani hali da ya ba ku haushi ko dariya, yana ɓoye burodi, yana tara gishiri, yana ci a tsaye, ku sani a yankin nan namu akwai tsofaffi da yawa da suka ga abin da ba su faɗa wa 'ya'yansu ba, wasu a yaƙi, wasu a gudun rikici, wasu a shekarar da gona ta ƙi. Kafin ku gyara musu halin, ku ja kujera ku tambaye su daga ina ya samo asali. Ni sai da ta kwanta na so in tambaya, a lokacin kuwa ba ta da sauran Hausar da za ta ba ni amsa.